Jerin da Bai Sauko Ba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya birni? Nan kowa lafiya. Inna tana gaishe ki, ta ce ko kwamfutar ce ta cinye miki baki. Na ce ba laifinki ba ne, sabis ɗin garin nan sai mutum ya hau tudun bayan makaranta kafin saƙo ya shiga ko ya fita. A can nake tsaye yanzu, iska na neman ɗauke mini hula.

Wallahi kin fitar da mu kunya. Shafin nan da kika gina wa hukumar madatsar ruwa, kowa ya san aikinki ne. Tunda suka daina aiko mota da lasifika, suka ce a riƙa duba shafi don sanin ranar sakin ruwa, ni na zama mai shelar gari. Mutane su tare ni a hanya, "Malam, me ƙanwarka ta ce?" Ni kuwa in zaro waya ina hura hanci.

Yau ma na taɓa inda aka rubuta "Sanarwa". Ya kai ni wurin hoton Darakta yana buɗe sabon ofis, baki har kunne. Babu maganar ruwa ko kaɗan. Na gaya wa Baba, ya ce alhamdulillahi, shi da Kawu suka haye tsibirin tsakiyar kogi cire albasa. Ba za su dawo ba sai sun gama. Kin san halinsa, bukkar gona ta fi masa ɗaki daɗi.

Mai kwale-kwale ne kawai ke ƙorafi, wai ruwan ya yi ja, yana kawo karmami. Na nuna masa wayar, na ce ka fi hukuma sani ne?

Ki gaida mutanen ofis.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Na kira ka har wayata ta yi zafi, ba ta shiga.

Ka aika a dawo da Baba yanzu. Akwai sanarwa. Za a saki ruwa ƙarshen makon nan, kuma mai yawa.

Kalmar "Sanarwa" da kake taɓawa tana da jeri a ƙarƙashinta, a cikin jerin ne "Sakin Ruwa" yake. A kwamfuta, da ka kai kibiyar linzami kan kalmar, jerin ya sauko da kansa. Waya ba ta da kibiya, yatsa ne kawai. Shi ya sa na tsara shi taɓawar farko ta buɗe jerin, ta biyu ta kai mutum shafi. Sai Darakta ya gwada a wayarsa, bai ga hotonsa nan take ba, ya ce shafi ya lalace. Oga, shugaban sashenmu, ya sa wani ya mayar da shi taɓawa ɗaya, kai tsaye zuwa hoto. Ban sani ba sai da na karanta wasiƙarka. Nan kowa a kwamfuta yake dubawa, kowa na ganin komai daidai.

Na je wurin Oga. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Darakta ya yi tafiya. Ba a taɓa komai sai ya dawo ya sa hannu."

Don Allah Yaya, kada ka tsaya ba ni amsa. Ka nemi mai kwale-kwale.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Sallama. Shiru har yanzu, kuma na ga saƙona bai ma isa wayarka ba. Me ya hana ka hawa tudun? Na kira shugaban makarantarku, na kira mai shagon bakin kasuwa, duk ɗaya.

Na bar Oga na tafi wurin injiniyan da ke kula da ƙofofin madatsar. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce ai sun sanar, ya juyo mini da kwamfutarsa, ya kai kibiya, jeri ya sauko sumul. Na miƙa masa wayata na ce ya nemo mini da yatsa. Ya taɓa, Darakta ya fito. Ya koma ya sake taɓawa, Darakta. Sai a lokacin ya gane.

Na ce ya jinkirta sakin ruwan, mahaifina na tsakiyar kogi. Ya kai ni taga ya nuna mini. Yaya, ban taɓa ganin ruwa ya cika haka ba, yana lasar bakin bango, baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Ya ce in bai buɗe ba bangon ne zai buɗe kansa, kuma garuruwa ne a ƙasa. Ya yi alkawarin fara buɗe ƙofa ɗaya kaɗan-kaɗan. Iyakar abin da zai iya ke nan.

Na dawo na gyara shafin ba da izinin kowa ba, su kore ni in sun so. Amma wa zai gani a garin da babu sabis? Tsoro nake ji, Yaya, tsoro sosai. Ga ni a tasha, na shiga mota.

Auta.

*

Auta,

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Yanzu na hau tudu, saƙonninki suka shigo tare.

Daga nan ina hango tsibirin. Gonar ta ɓace, rufin bukkar kawai ya rage, akwai mutum a kai. Mutum ɗaya nake gani, ban iya gane ko wane ne ba.

Mai kwale-kwale ya ce yana da 'ya'ya, ba zai shiga ba, amma ya ba ni kwale-kwalen da filafilin tuƙi. In kin iso ki wuce gida ki zauna da Inna, kada ki bari ta zo bakin kogi. Ni na ce wa Baba ya tafi, ni zan je.

Ki yi mana addu'a.
Yayanki.