Motar Baba a Hanyar Tsibiri

Yaya Torquil,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama? Ni lafiyata ƙalau. Tsibirin nan shiru, na huta da hayaniyar asibiti.

Sai dai ranar Talata na tashi shiga gari a motar Baba, ta hanyar da ta ratsa teku, wadda ruwa kan rufe idan ya cika. Tsoho Fergus, mai masaukina, ya ce, "'Yata, ruwan teku ya kusa rufe hanya, ki bari sai gobe." Na yi masa dariya na wuce. Ina tsakiyar hanya ruwa ya ritsa da ni, sai da na haye kan motar. Da kwalekwalensa ya sauko da ni daga rufin mota, kowa yana kallo. Shayi kawai ya ba ni. Har yau na kasa haɗa ido da shi.

Motar marigayi Baba ta lalace. Don Allah kada Mama ta ji a bakinka, ni zan faɗa mata.

Ƙanwarka,
Ishbel