Tarkon da Ka Ɗana Ya Kama Na Gida

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a neman da kake yi a can. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baba ta fara sauƙi, yana dogara sanda har ƙofar gida, sai dai rigimar shan magani tana nan daram. Inna lafiyarta lau, 'Yan Biyu kuma sun yi wayo har sun fara ƙaryata ni a gaban baƙi. Gaisuwa ta ƙare ke nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Na kira ka har na gaji, kullum kana taro, shi ya sa na rubuto, tunda ita takarda ba a katse ta.

An dakatar da Malam, mijin yayarka, daga aiki, kuma kai ne sila. Ka tuna zuwanka na bara, da ka haɗa wa makarantarsu rumbun bayanan ɗalibai a kwamfuta? Kana zaune a falona, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kana ba mu labarin wani abu da ka ɗana a ciki kamar tarko, tiriga kake ce masa. Ka ce duk wanda ya taɓa layin wani ɗalibi, abin zai buga rana da lokaci da sunan mai taɓawar da kansa, ba ya mantuwa, ba ya karɓar toshiya. Har ka ja wa Malam kunne, ka ce kada ya kuskura ya yi gyaran da zai shafi layuka da yawa bai kashe tirigar ba tukuna. Da kunnena na ji, ina kwashe kofuna.

To, gwanin gargaɗi, me ka yi? Bayan an rufe makin jarrabawar ƙarshe, ka kira Malam ka karɓi lambar sirrinsa, wai za ka daidaita yadda aka shigar da lambobin wayar iyaye don ba su yi maka kyau a ido ba. Wa ya aike ka? Ka shiga daga can, ka bi ta kan kowane layi a shara ɗaya, ba ka kashe komai ba. Tirigarka kuwa ta yi aikinta tsaf: ta goge tsohon lokacin kowane ɗalibi, ta buga sabo, da sunan Malam a jiki. Garin gyaran gira ka tsone ido, kuma idon ba naka ba ne.

Sai ga wani uba ya zo yana kumfar baki, wai an rage wa 'yarsa maki. Shugaban makaranta ya buɗe kwamfuta don ya kwantar masa da hankali, sai ya tarar da ajin ƙarshe kaf an taɓa su bayan rufe maki, dukansu da sunan mutum ɗaya. Abin naka ba ya faɗin me aka canja, iyakarsa ya ce an taɓa. A gaban ɗalibai aka karɓi makullin ofishin Malam. Ya dawo gida da kofin shayinsa da dardumar sallarsa a leda. Yanzu a layinmu ana raɗa cewa Malam yana sayar da maki, mutumin da ko biron makaranta ya shigo aljihunsa sai ya mayar. Babbar 'yarka ta wajena ta daina son zuwa aji saboda habaicin da ake mata.

Ka san inda yake a lokacin da kwamfutarka ta ce yana canja maki? Yana barandar asibiti, ya goyo Baba daga mota saboda keken marasa lafiya ya ƙare. Ubanka, Auta, ba nasa ba. Amma ya ƙi ambatar sunanka. Ya ce laifin ba da lambar sirri nasa ne, zai ɗauka, amma ba zai ja ƙanin matarsa gaban kwamiti ba. Shi yana jin kunyarka, kai kuwa saƙon da ka turo masa shi ne ya yi haƙuri, ƙaramar matsala ce. Ƙarama ce a wurin wanda albashinsa ke shiga.

Kwamiti zai zauna ranar Laraba. Kafin nan ina so ka rubuta wa shugaban makaranta da sunanka, ka faɗi abin da ka yi ba kwana-kwana. Ka aika masa da kwafin ajiyar da ka ce kana ɗauka kafin kowane gyara, a gwada a ga ko maki ɗaya bai motsa ba. Idan ba ka ɗauka ba, shi ma ka faɗa. Bayan haka ka gyara tarkon naka ya riƙa bambance mai taɓa maki da mai taɓa lambar waya.

Baba bai sani ba. Yanzu haka da nake rubutu, Malam yana tsakar gida yana yanke masa farce. Ɗazu ya tambaye shi me ya hana shi zuwa makaranta, ya ce hutu ya ɗauka, sai Baba ya shiga yi masa kirarin ɗansa injiniya da ya gyara musu makaranta kyauta. Malam ya ce ƙwarai kuwa, ya ci gaba da yankan farcen. Idan Laraba ta yi takardarka ba ta iso ba, ni da bakina zan zaunar da Baba in gaya masa komai, kuma ka san ni ba na yin barazana.

Ka gaida matarka da ɗan jaririnku, Allah ya raya shi. Inna da Goggo da 'Yan Biyu suna gaishe ku. Malam ma ya leƙo ya ce lallai in sa gaisuwarsa, in tambaye ka ya aiki. Na sa, amma ka sani ita ce ta fi ƙona mini rai a duk takardar nan.

Wassalam,
Yayarka da ta goya ka.