Helen za ta koma ɗakin uwarta

Laraba da dare, Vénissieux, gefen birnin Lyon

Yau a labo, ɗakin bincikenmu, Helen, Baturiyar Ingila da muke aiki tare, ta ce ƙarshen wata za ta koma gida. Har muka gama cin abinci kukan haya take yi. Wai ɗaki ɗaya a garinsu ya fi gidanta na Lyon tsada, ga wuta ga gaz, kuma masu gida sai sun ga takardar albashin can, ita kuwa ba ta samu aiki ba tukuna.

Na ce, "To yaya za ki yi?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ɗakina na ƙuruciya yana nan wajen mamata. Sai in zauna har in samu."

Haka kawai! Akwati biyu, ba tsarabar kowa, ba mai tambayarta me ta gina.

Na ce mata bon courage, wato Allah ya ba da sa'a, amma har cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, zuciyata ƙuna take. Shekarata tara a Faransa. In na sauka Damagaram hannu rabbana na shimfiɗa tabarma a gidan Inna, kafin la'asar unguwa ta gama da ni.

Wallahi ba fasfonta nake ƙyashi ba. Ita tana da inda za ta je ta faɗi. Mu gida a tsaye ake koma masa.