Sunan Kakanki da Na Faɗa

Zuwa ga Sharifa, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a tsakar ranar bazara, wadda ruwan kogin Logon ya shiga tsakanina da ita.

Sallama irin ta mai laifi, wanda ya zo ƙofar gida ya kasa shiga. Yau kwana goma sha tara da Baba, mahaifinki, ya tsallake da ke gadar Ngueli zuwa wajen gwaggonki a Kuseri, ƙetaren iyaka. Wurinki a bencin gaba yana nan, ba wanda na bari ya zauna. Ina kallon allo ban ga rubutu ba, ina cin tuwo kamar mai tauna audiga. Ashe haka gari mai cike da mutane yake zama kango saboda rashin mutum ɗaya?

Kin tuna ranar da muka zauna gaban kakanki, Malam Waliyyullahi, a gindin darbejiyar gidanku a unguwar Diguel? Ke kina tambaya, ni ina rubutu, kina harara ta wai rubutuna kamar kaji sun yi tono. A ranar ya ba mu labarin yadda mahaifinsa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, yana saɓe da shi a wuya, suka yada zango a nan don su huta damina ɗaya, damina ɗayan ta zama shekara saba'in da ɗoriya. Ya ce shi har yau matafiyi ne, shi ya sa bai taɓa dasa itace ba. Kika raɗa mini cewa marigayiya kakarki ce ta dasa darbejiyar a bayan idonsa, ga shi kullum a inuwarta yake wuni. Dariya ta ƙwace mana, shi ma ya murmusa. Ban taɓa son ki kamar a wannan yammacin ba.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mana: mu rubuta, amma kada a ambaci sunansa, domin matafiyi ba ya barin suna a zango. Na dafa ƙirji na yi alkawari a gabanki.

Me muka roƙa, ya abar ƙaunata? Awa ɗaya kacal a mako, a lise, sakandarenmu, a koya mana tarihin ƙabilun da ke zaune a benci ɗaya: Sara da Kanembu da Goran da Larabawa da mu Hausawa. Mun haddace yaƙe-yaƙen ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, amma ɗan ajinmu bai san yadda aka yi na zama maƙwabcinsa ba. Ke kika tsara takardar roƙon, ke kika bi aji-aji har ɗalibai ɗari huɗu suka sa hannu. Ni kuwa baki kawai na kawo, bakin kuma shi ya yanka mana wuya.

Ranar taro a filin makaranta, da wani malami ya tambaya cikin gatse ko Hausawa ma suna da tarihi a garin nan, jinina ya hau. Na buɗe littafin da na rubuta labarin Malam a ciki, na karanta sunan kakanki, da na mahaifinsa, da garin da suka fito. Aka yi mini tafi, na ji kaina ya kumbura. Washegari aka wayi gari an rubuta da alli a allon ajinmu, a ƙarƙashin sunanki: 'yar baƙi. Ban ga laifin Baba ba. Mutumin da aka haifa a nan, amma duk sabunta katin ɗan ƙasa sai an sa shi kawo shaidar inda aka haifi ubansa, yaya ba zai tsorata ba? Sau uku ina durƙusawa gaban Malam, bai amsa gaisuwata ba. Magana zarar bunu ce, na sani, kuma ni na zare ta.

Takardarmu tana kwance a ofishin shugaban makaranta, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Rabin waɗanda suka sa hannu sun daina zuwa taro. Ranar Litinin na tsaya gaban aji na faɗi nawa asalin: Muntaka ɗan Salihu ɗan Abdulnasir, wanda ya zo daga Damagaram da kayan koli a ka. Yanzu sunaye biyu ne a allon. Bai gyara komai ba, amma aƙalla ba ke kaɗai ba ce.

Ga abin da ya sa na rubuto, ya ruwan randata. Ranar Alhamis za a rufe rajistar masu jarrabawar bak ta kammala sakandare, kuma sai mutum ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Shekara goma sha uku kina ɗaukar jaka don wannan jarrabawar. Shin za ki bar wautar bakina ta cinye su? Ki dawo, ko da ba za ki ƙara kallon inda nake ba. Ki dawo ki tsane ni daga bencin gaba, na yarda. Ni da kawuna za mu je wajen Baba, in ya kore mu mu sake komawa.

Na ji an ce gwaggo tana lallashin ki wai damina ɗaya kawai za ki yi, ƙura ta lafa. Sharifa, da hannuna na rubuta wannan maganar a gindin darbejiya, kin kuma san shekara nawa ta ci.

Ranar Alhamis tun hantsi ina bakin gada ta ɓangarenmu, ina duba fuskar duk mai tsallakowa. In kin zo, alhamdu lillahi. In ba ki zo ba, zuciyata ta riga ta yada zango a kanki, kuma ni ba matafiyi ba ne.

Naki, wanda ya saɓa alkawari sau ɗaya kuma ba zai ƙara ba har a binne shi a ƙasar nan,

Muntaka