Mangwaronmu Ya Dahu a Cikin Leda

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Horar da Manoman Mangwaro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni mazaunin unguwar Nasarawa ne a nan Kaduna, tsohon ma'aikacin masaƙa. Tun da aka rufe masaƙar, 'yar gonar mangwarona da ke bayan Gonin Gora ita ce cina da shana. Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne kan abin da idona ya gani a gonar nan.

Na ɗaya. Da muka ji kun shirya horo kan tsutsar da ke cinye mana mangwaro tun yana bisa, har sadaka na yi don murna. Sai ga shi an yi taron a wani otal a Barnawa, kuka gayyaci wakilan ƙungiyoyi, kuka ce su dawo su koya mana. Wakilinmu mutumin kirki ne, amma dillali ne. A kwando ya san mangwaro, bai taɓa hawa bishiya ba.

Na biyu. Ya tara mu, ya nuna mana hoto a waya: 'ya'yan mangwaro, kowanne an ɗaure shi cikin 'yar jaka don kada ƙuda ya yi masa ƙwan da ke zama tsutsa. Muka tambayi inda ake samun jakar, ya ce ba a raba musu ba, kowa ya nemi abin da ya sawwaƙa. To a Kaduna in za a ɗaure abu, me hannu zai ɗauko in ba baƙar leda ba? Ni da maƙwabcina na gona, Baba Yohanna, muka sayo ta, muka yi ta hawa tsani da tsufanmu muna ɗaurewa, har muna yi wa waɗanda suka ƙi dariya.

Na uku. Ranar da na kwance ledar farko, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Zafin bazara ya dafa mangwaron luguf, ruwa na tsiyaya, wari kamar an buɗe kwata. Na bi bishiya-bishiya ina kwancewa ina salati. Tsutsa dai takan bar mana na kaiwa bakin titi. Leda ba ta bar ko na ba jikoki ba. Garin neman gira mun rasa ido. Sai daga baya wani malamin gona ya gaya mana jakar ta takarda ce, mai shan iska. Magana ɗaya tak, ranka ya daɗe! Ita ce ba ta iso gona ba.

Ban ga laifin wakilinmu ba, abin da ya gani ya kawo. Mamakina, yaya za a aiko da ilimi irin wannan, babu wanda ya biyo sawu ya ga me muka yi da shi?

Baba Yohanna ya yi fushi, ya kira masu gawayi, sun sare bishiyoyinsa kaf. Sun leƙo tawa gonar sun yi mini tayi, na ce su dakata zuwa furen baɗi.

Roƙona shi ne ku zo gona da kanku, ku yi mana bayani da Hausa, ku kawo jakar mu taɓa ta da hannunmu. In kun zo, zan riƙe muku tsani. In ba ku zo ba, ban san me zan ce wa masu gawayin ba in sun dawo.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya raba ka da aikin da-na-sani.

Wassalam.

Naka,
Wani manomin mangwaro,
Nasarawa, Kaduna.