Shirun Likita

Zuwa ga Yayana mai daraja,

Bayan gaisuwar ƙane mai ladabi, ina fatan Inna tana lafiya, da matarka da yara. Ni ma ƙalau nake, in ban da ɗan jinin da nake gani a bayan gida, wanda bai cancanci ambato ba.

Jiya dai an ci mutuncin ilimi. Aka wanke mini ciki, aka sanya mini riga mai buɗaɗɗen baya, aka kwantar da ni ta gefen hagu. Ni da na ƙare rayuwata ina karanta littattafai, sai ga shi ana karanta ni ta bangon baya! Likita ya zura siririyar roba mai fitila da kyamara domin duba ƙasan hanjina, yana ta surutu kamar mai aski.

"Dubi allo, malam! Hanjin nan ya fi ofishina tsafta."

Kwatsam ya yi shiru. Ya tsinke wani ɗan tsiro, ya jefa a kwalba.

"Likita, me ka gani?"

"Ba komai. Gwaji kawai za a yi."

Ma'aikaciyar jinya kuwa ta raka ni har bakin ƙofa tana murmushi. Yaya, yaushe aka fara yi wa mai lafiya rakiya a asibiti?

Sakamako sai mako mai zuwa. Ka taya ni addu'a, amma kada Inna ta ji. Idan ta tambaye ka, ka ce lafiya lau, kuma ka amsa da sauri. A wajenta na gaji zargi.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenka