Na Ga Matsala a Jirgin Ƙanin Matata, Na Ja Bakina Na Yi Shiru

Goggo mai shawara, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin in Asabar ta wuce shawarar ba za ta yi mini amfani ba. Shekarata arba'in da shida, ina da mata da 'ya'ya huɗu, amma abin da ya hana ni sukuni jirgin wasa ne. Ki yi dariyarki, ni ma da wani ne ya rubuto da na yi.

Sana'ata gyaran kayan lantarki ce: rediyo, talabijin, fanka, duk abin da ke cin wuta. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, har a unguwarmu an manta sunana, sai dai Injiniya. Shekara uku da suka wuce na kamu da son ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot. Muna yanka farin kumfan nan da ake kunshe firij da shi, mu haɗa fiffike da jela, mu sa batir da ɗan moto mai juya farfela. Duk Asabar da safe mukan taru a wani fili bayan tsohuwar masana'anta, mu kusan goma sha biyu. Akwai direba, akwai malamin makaranta, akwai wani mai kemis da ba ya zuwa sai da kujerarsa da surutunsa.

Ni na kai ƙanin matata filin nan da kaina. Tela ne. Lokacin ko bambancin jar waya da baƙa bai sani ba, ranar farko ma ta baki ya kama ƙarfen narka dalma, ya kwana biyu bai taɓa almakashi ba. Ni na koya masa komai. Yau shekara ɗaya da rabi, ya haɗa jirage uku, duk sun tashi, duk suna nan lafiya lau a rataye a shagonsa sama da kekunan ɗinki. Ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa na awo ne. In ya yanka fiffiken dama da na hagu sai ki rantse tagwaye ne.

Nawa kuwa hayaƙi yake yi. Wata biyar ina fama da wani babban jirgi da na sa wa moto a baya, batir kuma a can gaba wajen hanci don nauyi ya daidaita. Tsakanin batir da moto akwai wata 'yar na'ura mai sarrafa gudu, muna ce mata kwantirola. Na ajiye ta kusa da moton, na ƙara wa wayoyin batir tsawo har suka kai gare ta. Waya mai kauri na sa, mai kyau, irin wadda zan sa a gidana. Jirgin zai tashi kamar abin arziki, ya yi minti biyu ko uku, sai ki ga hayaƙi na bin sa, ya sulmiyo ƙasa yana ƙauri. Kwantirola uku na ƙone a haka. Na rage girman farfela, na canza moto, na huda ƙofar shan iska, na sake like kowace mahaɗa da dalma. Na ɗora mita a bakin batir, na ɗora a ƙarshen wayar, wuta ɗaya ce babu ragi.

Ranar da ta biyu ta ƙone, ina durƙushe ina tsintar guntaye, sai Tela ya zo a gaban kowa ya ce wai ya karanta a 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin cewa ba a ƙara wa wayoyin batir tsawo, sai dai a ƙara wa wayoyi ukun da ke zuwa moto. Goggo, ni tun da na fara aiki ban taɓa karanta takardar cikin kwali ba, da ita nake goge hannu. Na ce masa ya tsaya a awon wando, ya bar wa masu wuta wutarsu. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bayan sati biyu ta ukun ta ƙone, sai mai kemis ya ɗaga murya daga kan kujerarsa ya ce a kira Tela ya duba wa Injiniya. Tun daga ranar, duk wanda jirginsa ya ƙi tashi wurin Tela yake nufa. Ta gabana suke wucewa, su gaishe ni, su wuce.

A gida ma ban tsira ba. Matata ta ɗauki bidiyon jirginsa tana tura wa dangi, surukata har ta fara kiran sa Matuƙi. Rannan ina cin abinci matata ta tambaye ni, cikin wasa, ko nawa jirgin na kashe sauro ne tunda hayaƙi kawai yake yi. Na yi murmushi, amma na ture kwanon gefe. Ban taɓa sanin ina da ƙyashi haka ba. In na ji ƙarar jirginsa a sama sai in juya baya in kama duba nawa.

To ga abin da ya sa na rubuto. Wata huɗu ke nan Tela yana haɗa wani sabon jirgi, fiffikensa ya fi tsawon mutum, har riga ya ɗinka masa. Ranar Litinin da rana ya roƙe ni in leƙa shagonsa in duba masa haɗin wutar, ya ce bai yarda da idon kowa ba sai nawa. Na je. Akwai wasu 'yan injina da ke karkata fiffike da jela, muna ce musu sarbo. Guda shida ya sa, kuma dukkansu daga 'yar wutar da kwantirola ke bayarwa suke sha, tare da risiba, wato abin da ke karɓar umarni daga rimot. Da wani ya shigo awon riga Tela ya juya mini baya, sai na motsa sandunan rimot gaba ɗaya, na danne bakin fiffike da yatsa kamar yadda iska za ta danne shi a sama. Fitilar risiba ta mutu, ta dawo. Na sake, ta sake mutuwa. Ma'anarsa ita ce wutar ba ta isa ba. A kan tebur komai zai yi aiki, amma a sama, da ya juya da ƙarfi, jirgin zai daina jin rimot na ɗan lokaci, kuma ɗan lokacin nan ya isa.

Ya dawo da tef ɗin awo a wuya yana kallon bakina. Na ce masa komai lafiya, ya yi ƙoƙari.

Ba a nan na tsaya ba. A filinmu, tashin farko na sabon jirgi wanda ya koya maka kake miƙa wa rimot, girmamawa ce. Ya ce ni zan tayar masa ranar Asabar. Nan take na lissafa cewa in ya faɗi a hannuna ni za a zaga, sai na ce kafaɗata na ciwo, ya tayar da kansa. Washegari ya aiko mini da man zafi ta hannun yayarsa, wato matata. Yana nan a kan teburin aikina, ko buɗe shi na kasa.

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, akwai wani ɓangare na zuciyata da ke son ganin ya durƙusa yana tsintar guntayen kumfa sau ɗaya, kamar yadda nake yi. Sau ɗaya kawai. Amma kuma jirgin yana da nauyi, mutane na tsayawa kallo a bakin filin. In na gaya masa yanzu zai tambaye ni yadda aka yi ban gani ba ranar Litinin. Na yi tunanin in ce ya kawo jirgin in kwana da shi, in gyara a ɓoye. Na yi tunanin in ƙi zuwa filin kawai. Me zan yi? Kuma don Allah, in kin san wani masani, ki tambayar mini abin da ke ƙone mini kwantirola, don ba zan iya tambayar Tela ba.

Injiniyan da ya rasa sukuni

Injiniya,

Ban yi dariya ba, sai a wurin maganar sauro, wannan kam ka yafe mini. Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taka a gaba saboda Asabar ba ta jira.

Mu fara da abin da babu muhawara a kansa. Ka je shagonsa yau, ba gobe ba, ka nuna masa fitilar nan tana mutuwa da idonsa. Kai ka ce jirgin na da nauyi kuma mutane na tsayawa a bakin fili. In ya sauka a kan wani, ba ƙanin matarka kaɗai ka cuta ba, kuma ba za ka iya cewa ba ka sani ba, tunda ga shi ka rubuta da hannunka. Ƙin zuwa filin ba zai canza komai ba. Gyara a ɓoye kuma wayo ne kawai don ka tsira da mutuncinka, shi kuma ya sake yin kuskuren a jirgi na gaba.

Zai tambaye ka game da Litinin, ka ba shi amsa gajera: ka gani, ka yi shiru, ba ka kyauta ba. Ba sai ka zazzage masa duk abin da ka zazzage mini ba. Amma ƙaryar kafaɗa ka warware ta, domin ita ta fi damuna. Shiru na farko zan iya cewa zuciya ce ta ɗebe ka, na biyun kuwa sai da ka zauna ka yi lissafi. Wataƙila ransa ya ɓaci, yana da hakki. Ka ba shi lokaci.

Ban ce kai kaɗai ke da laifi ba. Gyara wa babba a gaban jama'a, yana durƙushe kan asararsa, ba dabara ba ce, ko da gyaran daidai ne. Mai kemis kuma bakinsa ya fi kujerarsa faɗi. Matarka ma ka gaya mata a hankali cewa wasan nan yana maka zafi, ina kyautata zaton ba ta sani ba, tunda murmushi kake yi mata. Ƙyashi kuma ba kanka farau ba, duk wanda ya koyar da wani ya ga ya wuce shi ya san ɗacinsa. Jin sa ba shi ne laifin ba, barin sa ya riƙe maka baki shi ne laifin.

Na kai tambayarka wurin wani dattijo da ya daɗe a wannan harka, kuma ka yi haƙuri, Tela ya fi ka gaskiya. Ya ce kwantirola ba jan wuta take yi a miƙe kamar kwan fitila ba, kunnawa da kashewa take yi sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. In wayar batir ta yi tsawo, duk kashewa sai wutar ta yi tsalle ta doke ta, kuma mitarka ba ta da saurin da za ta ga wannan tsallen. Kaurin waya ba ya magance shi. Ka matso da kwantirola kusa da batir, ka ƙara wa wayoyi ukun moto tsawo, ka tabbata tana shan iska. In dole sai ta zauna a baya, ka ƙara mata kafasito masu kyau, 'yan gwangwanayen nan masu shanye tsallen wuta, dab da bakinta. Na jirgin ƙanin naka kuwa, ya ce ka gano daidai: a ba sarbo da risiba tasu wutar daban mai ƙarfi, a zare jar wayar da ke zuwa musu daga kwantirola, a sake gwajin yatsan nan kafin a tashi.

Ka lura da wani abu. Shi ya gano ciwon jirginka saboda yana karanta abin da ka raina, kai ka gano na nasa saboda shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce. Babu takardar cikin kwali da ta koya maka danne fiffike da yatsa. Don haka in za ka je, ka tafi da naka jirgin a hannu, ka ce masa ya yi gaskiya, a gabansa ka yanke dogayen wayoyin.

In ya sake miƙo maka rimot ranar Asabar, ka karɓa. In bai miƙo ba, ka tsaya kusa da shi, kada ka ce komai. Idan jirgin ya tashi ka ji zuciyarka ta ɗan sosu, ba komai, ka tafa masa a haka, sannu a hankali za ta bi hannun.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya bar zumunci, Ya sa jiragen biyu su tashi lafiya su sauka lafiya.

Goggo